Zango Bakwai A Gaɓar Tekun Gana, Da Rabonmu A Cikin Tarihinta



Kalmar zango tamu ce tun kaka da kakanni. Shi ne wurin da ayarin fatake ke sauke kaya idan rana ta yi sanyi, a ɗaure jakuna, a hura wuta, a kwana, da asuba madugu ya ce a ɗaura. Yau idan ka shiga ƙasar Gana da wuya ka sami babban gari da ba shi da unguwar da ake kira Zongo, kuma galibi Hausa ce ke haɗa mazaunanta, ko da kuwa asalinsu Dagomba ne ko Mosi ko Zabarmawa. Wurin kwana ɗaya ya zama gida na dindindin. A wannan maƙala za mu mayar da kalmar ga ma'anarta ta fari. Za mu ɗauki mota, mu jefa tanti da tabarma a but, mu bi gaɓar tekun Gana daga Aflao a iyakar Togo har kusa da iyakar Kodebuwa, tafiyar kimanin kilomita 550, muna yada zango a inda tarihi ya ce a tsaya.

Abin da ya bambanta wannan gaɓa da saura shi ne gidajen ganuwa da Turawa suka jera a kanta. Daga 1482 zuwa ƙarshen ƙarni na 18, Turawan Fotugal da Holan da Ingila da Suwidin da Denmak da Jamusawan Brandenburg sun gina gommansu, a wasu wuraren ma wani yana hango wani. Zinariya ce ta fara kawo su, shi ya sa suka raɗa wa wurin Gaɓar Zinariya. Daga ƙarshen ƙarni na 17 cinikin ya karkata ga mutane. Cikin kimanin mutum miliyan 12.5 da aka loda a jirage zuwa nahiyar Amurka, fiye da miliyan ɗaya daga nan aka kwashe su. A 1979 hukumar UNESCO ta sa gidajen da suka rage cikin kayan tarihin duniya.

Abu biyu ya kamata matafiyi ya riƙe kafin ya tayar da mota. Na farko, ƙasar da aka yi gine-ginen ba ta Turawa ba ce. Haya suke biyan sarakunan wurin, kuma sau da yawa ikonsu bai wuce inda harsashin igwarsu ke kaiwa ba. Na biyu, gaɓar ba ta da tashar da babban jirgi zai matso, saboda haka duk kaya da duk mutumin da ya shiga jirgi, a kwale-kwalen masuntan wurin ya ratsa igiyar ruwa. Ciniki ne mai hannaye da yawa, kuma za mu ga cewa akwai hannun mutanen arewa a ciki.

ZANGO NA FARKO: KETA DA ADA

Wanda ya taso daga Najeriya zai bi ta Legas da Seme da Kwatano da Lome, ya shiga Gana ta Aflao. Daga nan sai ya saki babban titi ya bi siririyar ƙasar da ke tsakanin teku da tafkin Keta, ƙasar mutanen Anlo. A garin Keta akwai abin da ya rage na gidan ganuwar Prinzenstein, wanda Turawan Denmak suka gina a 1784 bayan sun yaƙi Anlo. Teku ya cinye babban ɓangarensa, ya haɗa da tituna da gidaje na tsohon garin, kafin a jibge manyan duwatsu a farkon shekarun 2000 don a tare shi. Cikin dalilan da masana ke bayarwa har da madatsar ruwan Akosombo da aka kammala a 1965, wadda ta rage yashin da kogin Volta ke kawowa bakin teku. Mai son ganin wurin kada ya yi ta ɗaga tafiya, domin ruwa ba ya jiran kowa.

Wurin kwana a wannan yanki shi ne bakin kogin Volta wajen Ada, inda ruwan daɗi ke haɗuwa da na gishiri. Kusa da nan ne tafkin Songor yake, wanda tun da can ake loda gishirinsa a kwale-kwale a haura kogin da shi zuwa kasuwannin arewa.

ZANGO NA BIYU: AKRA

Fatakenmu na da Ankara suke kiranta. Gidajen ganuwa uku ne a bakin ruwanta: na Holan da aka gina a 1649, wanda yanzu ake kira Ussher, na Denmak a Osu mai suna Christiansborg, da na Ingila mai suna James na 1673. A 1693 wani ɗan kasuwar Akwamu mai suna Asameni ya shiga Christiansborg da mutanensa da sunan sayen bindigogi, suka juya bindigogin kan masu gida, ya karɓe ginin ya ci gaba da ciniki da jiragen Turawa a matsayin gwamna. Da ya sayar wa Denmak kayansu a shekara mai bi, sai ya riƙe makullan, kuma har yau suna cikin kayan sarautar Akwamu. Kusa da wannan gini ne aka harbe tsofaffin sojoji uku ranar 28 ga Fabrairu 1948 suna neman haƙƙinsu na Yaƙin Duniya na Biyu, abin da ya hura wutar neman 'yanci. A kurkukun James kuwa Kwame Nkrumah yana tsare ya ci zaɓen Fabrairun 1951, aka buɗe masa ƙofa ya fito ya kafa gwamnati.

A unguwar Jamestown ka nemi Gidan Barazil, cibiyar mutanen Tabom, wato 'yantattun bayi da suka dawo daga Barazil a shekarun 1830, wasunsu Musulmi. Daga ƙasar da suka baro akwai labarin da ya shafe mu kai tsaye, domin a Bahiya bayi Hausawa ne suka kitsa yunƙurin tawaye na 1807, kafin babban boren Musulmi na 1835. Sai dai yawancin Hausawan da aka ƙetara da su ta Legas da Badagiri da Wida aka fitar da su, ba ta wannan gaɓa ba.

Kada ka bar Akra ba ka karya da koko da ƙosai a Nima ko Sabon Zongo ba, unguwar da Malam Bako ya kafa a farkon ƙarni na 20. Shinkafa da waken da duk Gana ke kira waakye, sunan daga bakinmu ya fito. A wannan gari mahaifiyar Alhassan Ɗantata ta zauna, kuma shi kansa yana cikin waɗanda suka gane da wuri cewa goro zai fi saurin isa Legas a jirgin ruwa fiye da a bayan jaki. Idan dare ya yi ka matsa yamma kaɗan zuwa Kokrobite, can ne ake samun filin kafa tanti.

ZANGO NA UKU: ƘASAR FANTE

Daga Akra zuwa Cape Coast kimanin kilomita 150 ne, amma wanda ya yi ta a numfashi ɗaya ya yi asara. A Apam akwai ɗan ƙaramin gidan ganuwa a kan tudu da Holan suka fara a 1697. Mutanen gari suka yi ta ja musu rai har shekara biyar kafin a gama, shi ya sa suka sa masa suna da ke nufin Haƙuri. Gaba kaɗan a Abandze akwai kangon gidan Amsterdam, kusa da ƙauyen Kormantin. Sunan wannan ƙauye ya ƙetare teku ya zama Koromanti, laƙabin da masu gonakin rake a Jamaika suka riƙa kiran bayin Gaɓar Zinariya da shi, suna son ƙarfinsu suna tsoron zuciyarsu. Su ne suka tayar da boren Tacky a 1760.

Inda ya kamata a daɗe shi ne Anomabo, wadda a tsakiyar ƙarni na 18 tana cikin manyan kasuwannin bayi na wannan gaɓa. Mai faɗa a ji a garin shi ne Eno Baisie Kurentsi, wanda Turawa ke kira John Currantee. Mutum ne mai wayon ciniki: ya tura ɗa ɗaya Faransa, ya damƙa wani, William Ansah, ga wani kyaftin ɗin jirgin Ingila don ya kai shi can ya yi karatu. Kyaftin ya sayar da yaron a tsibirin Barbados. Da labari ya iso, uban ya juya wa Ingilishi baya a ciniki har sai da suka nemo ɗan suka fanshe shi, suka kai shi Landan a 1749 aka yi ta karrama shi a matsayin ɗan sarki. Ya dawo gida, ciniki ya ci gaba kamar ba a yi komai ba. Tsakanin mai sayarwa da wanda ake sayarwa a wancan zamani, tazarar ba ta wuce amanar mutum ɗaya ba.

A 1807 rundunar Asante, waɗanda fatakenmu ke kira Tonawa, ta faɗa wa Anomabo ta kai har bakin ruwa. A wannan shekarar ce kuma majalisar Ingila ta haramta wa 'yan ƙasarta cinikin bayi.

ZANGO NA HUƊU: CAPE COAST DA HANYAR AREWA

Mutanen gari Oguaa suke kiransa. Turawan Suwidin ne suka fara gini a 1653, ya yi ta sauya hannu har ya tabbata ga Ingila a tsakiyar shekarun 1660. Nan ne hedkwatarsu har 1877 da suka koma Akra. Mai yi wa baƙi jagora zai gangara da kai kurkukun maza, ɗakuna ne a ƙarƙashin ƙasa masu 'yan kafofin iska can sama, inda ake cusa ɗaruruwan mutane makonni ko watanni suna jiran jirgi. Zai nuna maka cewa abin da kake takawa ba daɓe ba ne zalla, ƙazantar mutanen da suka zauna a wurin ce ta daskare a kan bulo. Daidai saman wannan kurkuku aka yi ɗakin ibada. A tsakar gidan akwai kabarin Philip Quaque, Baƙar fata na farko da cocin Ingila ya naɗa limami, wanda ya yi kusan shekara 50 yana aiki a wannan gini har mutuwarsa a 1816. Ga ɗan gari, ga ilimi, ga wa'azi a sama, ga kuka a ƙasa. Marubucin da ke neman tauraron labari mai rikitacciyar zuciya ya tsaya a bakin wannan kabari.

Kimanin kilomita 40 arewa da nan akwai Assin Manso, inda wani rafi yake da ake kira Donko Nsuo, ruwan bayi. A nan ake tsayar da waɗanda aka koro daga nesa su yi wanka kafin a kai su kasuwar bakin teku. A 1998 an dawo da ƙasusuwan mutum biyu, ɗaya daga Amurka ɗaya daga Jamaika, aka binne su a nan. Kalmar odonko a bakin Akan tana nufin bawan da aka sayo daga arewa. Tun da Asante ta rinjayi Gwanja da Dagomba a farkon rabin ƙarni na 18, cikin gandun da suke biya har da mutane.

Nan ne hanyarmu ta haɗu da wannan tarihi. Goron da ake rabawa a ɗaurin aure da suna a Kano da Katsina, a dajin Asante yake fitowa, kasuwarsa kuwa Salaga ce a ƙasar Gwanja. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne gwanayen wannan fatauci. Ayari kan yi watanni a hanya, ya ratsa Borgu da Zugu da Yendi, ɗauke da kanwa da rinannun tufafi da fatu da dabbobi. Cikin hajar da ke sauya hannu a Salaga har da 'yan Adam, musamman a ƙarni na 19 bayan an toshe hanyar teku, lokacin da Asante ke buƙatar hannaye a gonaki da ramukan zinariya. Ɗan fatake da ya dawo gida da huhun goro ya san abin da ya gani a wannan kasuwa. Da yaƙin basasa ya watse Salaga a 1892, mazaunanta suka bazu, zanguna da dama na kudu suka cika da su. Cikin waɗanda suka bar ta har da Imam Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zauna a Kete-Krachi yana karantarwa yana rubutu da Larabci da ajami har rasuwarsa a 1934.

Bayan irin wannan yini zuciya na son iska. Dajin Kakum na kusa, da gadojin igiya guda bakwai da aka rataya tsakanin kawunan itatuwa, kuma ana iya kwana a cikinsa tare da ma'aikatan daji.

ZANGO NA BIYAR: ELMINA

Tafiyar 'yan mintoci ce daga Cape Coast, amma nan ne tushen labarin duka. Turawan Fotugal sun iso wannan gaɓa a 1471, suka tarar da zinariya har suka kira wurin Mina, wato mahaƙa. A Janairun 1482 Diogo de Azambuja ya sauka da magina da sassaƙaƙƙun duwatsu daga Fotugal, ya nemi izinin sarkin wurin, Kwamena Ansa, ya tayar da ginin da har yau yake tsaye. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a farkon lamari shigo da bayi ake yi Elmina. Fotugal kan sayo su daga yankin Benin da bakin kogin Neja, su sayar wa 'yan kasuwar Akan a karɓi zinariya, domin masu zinariya na buƙatar 'yan dako da masu haƙa. Sai da gonakin rake suka bunƙasa a ƙetaren teku ƙofar ta juya.

A 1637 Holan suka hau tudun da ke fuskantar ginin, suka girke igwa, Fotugal suka miƙa wuya. Don kada wani ya yi musu irin abin da suka yi, sai suka gina wani gidan ganuwar a kan tudun. Hau can da yamma. Daga sama za ka ga farin gini, da tafkin Benya cike da kwale-kwale masu tutoci kala-kala, da wani fili fayau a gefen ginin. Wannan fili shi ne tsohon garin Elmina, kuma yadda ya zama fili ya shafe mu.

A 1872 Holan suka miƙa wa Ingila duk gidajensu na gaɓar. Mutanen Elmina ƙawayen Asante ne, sarkinsu Kobina Gyan ya ƙi amincewa, aka kama shi aka kai Saliyo. Asante kuma, da Holan suka saba biyan sarkinta wasu kuɗi duk shekara, ta ɗauki Elmina a matsayin ƙofarta ta teku, ta turo runduna. Ranar 13 ga Yuni 1873 Ingila ta yi wa garin ruwan wuta ta ƙone shi ƙurmus, ba a sake gina shi a wurin ba. Cikin dakarun da ke tare da Ingila a ranar har da waɗanda ake kira Hausawan Glover. John Glover ne ya kafa rundunar a Legas a 1863, da yawansu bayi ne da suka gudo daga iyayengijinsu a ƙasar Yarabawa, kakin Bature ya zame musu mafaka. Ba dukansu ne Hausawa a jini ba, duk ɗan arewa mai jin Hausa haka ake kiransa. Da su aka tafi yaƙin da aka ƙone Kumasi a 1874, daga irinsu aka kafa rundunar Gaɓar Zinariya a 1879, kuma Hausa ta daɗe tana harshen bariki. Da aka kama Sarkin Asante Prempeh na Ɗaya a 1896, a wannan gini na Elmina aka fara tsare shi kafin Saliyo da tsibirin Seychelles, bai ga gida ba sai 1924. Wanda ya tsere wa bauta ya zama makamin da aka murƙushe wasu da shi. Wannan ma tarihinmu ne, ko da bai yi daɗin faɗa ba.

Kafin ka bar gari ka tambayi Tudun Java. Tsakanin 1831 da 1872 Holan sun kwashi kimanin mutum 3,000 daga nan zuwa aikin soja a ƙasar da yanzu ake kira Indunusiya. Da yawansu bayi ne 'yan arewa da aka sayo a Kumasi, aka ce an 'yanta su, amma daga albashinsu ake cire kuɗin fansar. Waɗanda suka dawo a kan wannan tudu suka zauna. Ka kuma lura ranar Talata masunta ba sa shiga teku, don haka mai son ganin hada-hadar kifi ya zaɓi wata ranar.

ZANGO NA SHIDA: SHAMA, TAKORADI DA ƘASAR AHANTA

A Shama, kusa da bakin kogin Pra, akwai kabarin Anton Wilhelm Amo. Yana ƙaramin yaro aka ɗauke shi daga yankin Axim zuwa Turai, ya tashi a fadar wani basaraken Jamus, ya sami digirin digirgir a fannin falsafa a Wittenberg a 1734, ya koyar a jami'o'in Halle da Jena, sannan ya dawo gida ya ƙare rayuwarsa a bakin wannan teku.

Takoradi wurin cika tanki ne da sayen guzuri. Tashar jirgin ruwanta ta 1928 ce ta fara kashe sana'ar fito da kaya a kwale-kwale. Daga 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, a nan ake sauke jiragen yaƙin Ingila a cikin akwatuna, a harhaɗa su, su tashi ta Legas da Kano da Maiduguri da Fort Lamy, wato Injamena ta yau, da El Fasher da Khartum har Alƙahira. Dubban jirage sun bi wannan hanya. Dattijon da ya ga jirage na sauka a Kano a wancan lokaci, daga wannan gaɓa suka taso.

Yamma da Takoradi ne tanti ya fi amfani: Butre da Busua da Akwidaa, yashi mai tsabta da inuwar kwakwa. A kan tudun Butre akwai kangon gidan Batenstein na 1656. Sarkin wannan ƙasa ta Ahanta, Badu Bonsu na Biyu, ya yi faɗa da Holan a 1837 har gwamnansu ya mutu a fagen fama. A 1838 suka turo runduna ƙarƙashin Janar Jan Verveer, mutumin da ya ƙulla yarjejeniyar ɗibar sojojin Java a Kumasi. Aka rataye sarkin, aka yanke kansa aka tafi da shi Holan, ya zauna cikin kwalba a wani ɗakin ajiya na jami'ar Leiden. Wanda ya bankaɗo shi marubucin ƙagaggen labari ne, Arthur Japin, a garin binciken littafinsa. A 2009 aka dawo da kan gida. Duk wanda yake ganin bincike ɓata lokaci ne ga mai rubuta labari, ya riƙe wannan.

Daga nan hanya ta ɗan yi wuya zuwa Cape Three Points, ƙurewar kudancin Gana, inda hasumiyar fitilar jirage take. Can cikin teku, nesa da ganin ido, ake haƙo man da aka gano a 2007. Sai Princes Town, inda Jamusawan Brandenburg suka yi gininsu a 1683. Da suka sayar wa Holan a 1717, dillalinsu na gari, Jon Koni, ya ce ƙasar tasa ce, ya kori Holan da suka zo karɓa, ya riƙe ginin har 1724.

ZANGO NA BAKWAI: ƘASAR NZEMA

A Axim akwai ginin Fotugal na 1515, kuma yankin nan ya fi ko'ina a Gana samun ruwan sama, don haka ka duba tantinka da kyau. Gaba kaɗan Nkroful ce, mahaifar Nkrumah. Tafiyar ta ƙare a Beyin, inda za ka ajiye mota ka shiga kwale-kwale ka ratsa fadama mai baƙin ruwa zuwa Nzulezo, ƙauyen da aka kafa kacokan a kan turaku bisa tafki. Mutanen ƙauyen na cewa kakanninsu daga Walata suka taso, can bakin hamada, dodon koɗi na yi musu jagora har ya kawo su nan. Ko a ƙarshen hanya, a tsakiyar ruwa, labarin asali arewa yake nunawa.

SHIRIN TAFIYA

Kwana goma zuwa sha huɗu sun isa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Disamba zuwa Maris, domin babbar damina daga Afrilu take zuwa Yuli, ƙarama kuma wajen Satumba da Oktoba. Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza, amma ya riƙe fasfo da katin rigakafin shawara da takardun mota da inshorar da ke aiki a ƙasashen ECOWAS. Kuɗinsu sidi ne, sunan kuwa daga kalmar wuri ya samo asali a harshen Akan. Bakin teku yana da masu shi, kada ka kafa tanti sai da izinin mai masauki ko dattawan ƙauye. Tafi da gidan sauro da tocila da risho. Igiyar ruwan wannan gaɓa tana ja, ɗan tudu kada ya gwada ƙwanji, ya tambayi masunta inda ake shiga. Maganar masallaci da abincin halal kuwa, ka tambayi hanyar zango kawai.

ABIN DA MARUBUCI ZAI KAWO TSARABA

Littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya bi da mu hanyar hamada, muka ga bauta ta idon wanda aka sace. Hanyar Gwanja da bakin teku ba ta sami irin wannan gata ba a littattafan da muka taso muna karantawa. Ayesha Harruna Attah ta Gana ta rubuta labarin Salaga da Turanci a 2018, alhali da Hausa aka yi yawancin cinikin wannan kasuwa. Mutanen suna nan suna jiran mai ba su murya: yaron madugu da ya fara ganin an yi cinikin mutum da goro, sojan Glover da ke kallon Elmina na ci da wuta yana tuna garinsu da aka ƙone, mai koko a Sabon Zongo da aka ba mako biyu ta bar ƙasar da aka haife ta a Nuwamban 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta kori baƙi marasa takarda. Wanda zai rubuta na ƙarshen nan kada ya manta cewa a 1983 Najeriya ta yi wa 'yan Gana irin haka.

Sharaɗin kawai shi ne gaskiya. Kada mu rubuta kakanninmu a matsayin waɗanda aka zalunta kaɗai, kada kuma mu mayar da su azzalumai kaɗai, domin a kan wannan hanya an same su a kowane ɓangare. Wanda Allah Ya hore wa hali ya je ya gani da idonsa, gani ya kori ji. Ya tafi da littafin rubutu, ya zauna da dattawan zango bayan sallar la'asar, ya tambaye su daga wane gari kakansu ya taso da abin da ya hana shi komawa. Wanda bai samu zuwa ba ya fara da tsofaffin 'yan goro na kasuwar garinsu, akwai abin ji a bakinsu.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka bi wannan hanya ba da son ransu ba, Ya ba alƙalumanmu albarka.